Fanshon Malami: Sadaka Ce Ko Bashi?



Ranar Talata bayan sallar Asuba, wani dattijo ya jira jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da ni. Malamina ne na aji uku a firamare, nan cikin garin Sakkwato. Shi ya koya mini riƙe fensir tun kafin in san akwai wata aba jami'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ko ya halatta ni in amshi zakka? Garatuti shiru, fanshon ko rabin wata ba ya kai mu."

Wallahi sai da na rasa ta cewa. Shekara 35 yana shan ƙurar alli.

Na ce masa, "Malam, ya halatta." Wanda abin hannunsa bai isa ya ci da iyalinsa ba, yana cikin masu haƙƙin zakka, ko da ana kiransa ɗan fansho. Amma tun ranar wani abu ke cin raina: wanda yake bin bashi, shi ne kuma ya koma mai neman taimako.

Domin fansho ba kyautar gwamna ba ce. A fiƙihu aikin malami ijara ce, fansho kuwa sashe ne na ladar da aka yi sharaɗin jinkirtawa. Ladar da aka jinkirta bashi ce, kuma mai halin biya in ya yi ta jan ƙafa, zalunci yake yi. Dokar ƙasa ma ta san da haka. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. A 2023 aka cire tallafin man fetur, a 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. To, kwanon gero da maganin hawan jini sun tsaya jiran a gyara fanshon Malam?

Wa zai cike giɓin? 'Ya'ya su ne farko, ciyar da uba mabuƙaci wajibinsu ne. Sai mu ɗalibansa: ku tara na ajinku, ku sa masa wani abu duk wata, a asirce, kada a ɗauki hoto. Masu dukiya kuma su tuna da irinsa, ko da hannunsu ko ta Hukumar Zakka da Wakafi.

Sai dai a kula. Taimakonmu yana kashe yunwa, ba ya sauke bashin. Kai da takardarsa ke kan teburinka, in ka danne ta ko ka nemi na goro, ka sani in ya rasu haƙƙin ya zama na magada, kuma akwai ranar da ba a biya da naira.

Malaman da ke aiki yanzu, dokar 2022 ta kai ritayarku shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Ku adana takardunku, ku kama sana'a tun da sauran ƙarfi.

Ni dai yau da La'asar gidan Malam zan nufa. Kai fa, yaushe rabonka da naka?

Allah Ya sa mu cika da imani.