Idan An Yafe Lanho, Wa Zai Biya Malami?

Alkawura biyu ne ba su taɓa kasa faranta ran talaka ba: a rage masa haraji, a kuma buɗe wa ɗansa makaranta. Gwamna Abubakar Rimi ya haɗa su a Kano, inda ya soke haraji da jangali da hawansa mulki a 1979, kana ya kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980. Sai dai alkawarin farko yana rage abin da ke shiga baitulmali, na biyun kuwa yana ƙara abin da ke fita. Shin mai mulki na iya cika su duka ba tare da ya yaudari kowa ba? Tarihin Damagaram yana da abin cewa.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fada tana karɓar zakkar hatsi da jangali da kuɗin fito daga ayarin fatake, talaka kuma yana ganin ganuwar Birni da ke kāre shi. Da Faransawa suka kama garin a 1899, sai lanho ya hau kan kowane baligi, a biya da kuɗi ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar Nijar, amma ƴaƴan masu biyan lanhon kaɗan ne ƙwarai suka ga cikin aji. Harajin da ba ya komawa ga mai biyansa ƙwace ne, ko da an ba shi takardar shaida.

Saboda haka, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta sauke wa manoma da makiyaya mafi nauyin wannan kaya bayan farin shekarun 1970, adalci ta yi. Kuɗin uraniyom na Arlit ne suka cike gurbin. A wannan zamanin ne ma makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, wadda aka buɗe a Damagaram a 1973, ta fara nuna cewa yaro ya fi saurin fahimta da harshen uwarsa.

To, amma rijiyar da ba kai ka haƙa ba, ba ka san ranar ƙafewarta ba. Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, masu ba da bashi suka gindaya sharaɗin tsuke bakin aljihu, makaranta ce ta fara jin jiki. Ran 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zanga. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi masu ɗan ƙaramin albashi. Iyaye suka koma kafa rumfunan zana da kuɗinsu, irin waɗanda gobara ta cinye a Yamai da Maraɗi a 2021, yara sama da 40 suka rasu. A 2005 kuma aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan madara da fulawa da ruwa da wutar lantarki, sai da jama'a suka rufe kasuwanni kafin gwamnati ta janye galibinsa. Ashe harajin da ya fita ta ƙofa, ta taga ya dawo, kuma wanda ya fi kowa rauni ya fi faɗa wa.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a lissafi. Mai biyan haraji yana da bakin tambayar abin da aka yi da kuɗinsa. Gwamnatin da ma'adinai ko tallafin waje ke ciyarwa kuwa, kyauta take ɗaukar makaranta, mai karɓar kyauta kuma ba ya ƙorafin cewa allo ya tsage. Matatar man SORAZ da ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011 na iya sake jefa mutane cikin wannan ruɗin, idan aka manta darasin uraniyom.

Ba a cewa a mayar da lanho. Ɗora wa attajiri da mai garma kuɗi ɗaya zalunci ne. Abin da ya wajaba shi ne a karɓa gwargwadon ƙarfin kowa, kuma duk mai alkawarin sassauci ya faɗa a fili kuɗin wa za su biya malami, shekara nawa za su ɗore, wa zai ɗauki nauyin in sun yanke. Malamai da ƙungiyoyin iyaye su ne suka fi cancantar yi masa waɗannan tambayoyi, domin yaron da ke zaune cikin rumfar zana bai isa jefa ƙuri'a ba, kuma shi ne zai biya bashin.