Idan Aka Sauya Mudu: Makin JAMB Da Gurbin Likitanci

A shekarar 2015 ne hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde, ta yi sallama da fensir da takarda. Daga wannan shekarar, duk mai neman shiga jami'a a Najeriya sai ya zauna gaban kwamfuta. A 2013 da 2014 an bar wa ɗalibi zaɓi: ko takarda zalla, ko kwamfuta zalla, ko ya karanta tambaya a allon kwamfuta ya amsa a takarda. Jimillar maki ba ta motsa ba, 400 ce jiya, 400 ce yau. Darussan mai son likitanci ma suna nan: Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizik. Tunda lambar ba ta sauya ba, sai aka ci gaba da jera ɗalibai daga sama zuwa ƙasa, ana yanke layi inda gurabe suka ƙare.

Abin da muke tambaya shi ne: idan hanyar awo ta sauya, shin adalci ne kwalejin likitanci ta karɓi sabon maki da tsohon ido?

A kasuwar Ambursa ba a jayayya kan wannan. Mai shinkafa ya zo da sabuwar tiya, babu dattijuwar da za ta miƙa masa kuɗi a tsohon farashi sai an juye abin da ta auna cikin tsohuwar, kowa ya gani da idonsa. Ba don ana zarginsa da tauye mudu ba. Ana dai son tabbatarwa cewa "tiya ɗaya" tana nufin abin da take nufi makon jiya. A wurin auna 'ya'yanmu ne kawai muke sakaci da wannan.

Dalilin da ya sa muka ware likitanci shi ne ƙuncin ƙofarsa. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, tana ƙayyade wa kowace kwaleji adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. A wani fannin, maki goma da suka zube ba sa hana ka shiga. A nan suna iya raba mutum da aikin da ya shirya wa rayuwarsa, ga shi sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki.

Mu yi ɗan lissafi. A tsarin yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Mu ɗauki yarinya daga makarantar gwamnati a Ambursa, ta haddace Bayoloji, ta saba da latsa waya, amma ranar jarrabawa ce farkon haɗuwar hannunta da linzamin kwamfuta. In ta ɓata minti biyar tana lalube, lokacin tambaya bakwai ya tafi. A darasi mai tambaya 40 da maki 100, a lissafin kai-tsaye, wannan ya haura maki 17. Ba iliminta aka auna a wannan giɓin ba. An auna ko akwai kwamfuta a gidansu.

Ba kukan komawa takarda muke yi ba. Takarda ma tana da nata zaluncin: tambayoyin da ke fita tun kafin ranar jarrabawa, da cibiyoyin da ake sayen amsa, inda ɗan mai kuɗi ke tsallake ɗan talaka ba tare da ya buɗe littafi ba. Kwamfuta ta rage wannan, kuma talaka ne ya fi cin moriyar ragin. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan nauyi. Mai naƙuda da aka ɗauko cikin dare daga wani ƙauyen fadama zuwa asibitin Argungu ba ta damu da irin wahalar da likitanta ya sha a jarrabawa ba, so take ya san aikinsa. Duk wanda ya ce a sassauta ma'auni don tausayin ɗalibi, to ya tuna akwai mai biyan kuɗin tausayin da jikinta.

Mun yarda da wannan hujja, shi ya sa ma muke cewa a duba mudun. Riƙe linzami abu ne na mako biyu. Fahimtar yadda ƙoda ke tace jini kuwa aikin shekaru ne. Ma'aunin da ya bar na farko ya rinjayi na biyu, majinyaciyar ce ya cuta kafin kowa, domin ya hana ta likitan da ya fi cancanta.

JAMB ta gane hakan. A 2017, bayan zuwan Farfesa Ishaq Oloyede, ta kawo tsarin madannai takwas da ke ba ɗalibi damar amsawa ba tare da linzami ba, ta kuma fara jarrabawar gwaji. Gyara ne mai kyau. Sai dai ya zo bayan 'yan 2015 da 2016 sun wuce, kuma babu wanda ya waiwaye su. A tsakanin nan, a 2016 ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya soke jarrabawar tantancewa da jami'o'i ke yi bayan ta JAMB, a 2017 aka dawo da ita. Wa da ƙane daga ɗaki ɗaya, da mudu daban aka auna su.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja muna da ƙa'ida: ba a kashe tsohon tsari ranar da aka kunna sabo. Ana barin su su yi tafiya tare, ana kwatanta abin da suke fitarwa, domin na'ura tana iya ba ka lamba tsaf-tsaf alhali ƙarya ce. Abin da ya faru a 2025 ke nan. Wani gyaran manhaja bai sauka daidai a wasu na'urorin ba, sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas ya lalace. Ranar 14 ga Mayu Oloyede ya fito bainar jama'a ya amsa kuskuren har da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Ya cancanci yabo. Amma abin da ke hana mu barci daban ne. An gano matsalar ne saboda ta faɗa wa yaran da iyaye da malamansu suka ce makin nan ba na 'ya'yanmu ba ne, suka yi ta ƙorafi a intanet. Da a Kebbi ta faɗo, inda an riga an saba ganin ƙaramin maki, wa zai yi zargin na'ura? Cewa za a yi yaran ne ba su yi karatu ba, su ma yaran su yarda.

A Amurka, da aka sake fasalin jarrabawar shiga likitanci ta MCAT a 2015, sai aka sauya har lambobin: tsohuwar tana ƙarewa a 45, sabuwar tana tafiya daga 472 zuwa 528, yadda ba mai rikita su. An sanar shekaru kafin lokaci, an riƙa fitar da matsayin kowane maki cikin jerin waɗanda suka rubuta, kwalejoji kuma suka ci gaba da karɓar tsohon sakamako na wani lokaci. Sun amsa a fili cewa sabon mudu sabo ne.

Za a ce ai akwai kaso: jami'o'in tarayya suna ba da kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da su, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi, Kebbi kuma tana cikinsu. Gaskiya ne, amma kason yana daidaita jiha da jiha ne kawai. Bai san bambancin ɗan makarantar kuɗi a Gesse, mai ɗakin kwamfuta da janareto, da yarinyar Ambursa da ke jin saukar jirgin sama a bayan garinsu ba, alhali tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu a mota.

Don haka nauyin yana komawa kan kwalejin da ke ɗauka, ko ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ce a Sakkwato, ko ta Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi. A shekarar da fasali ya sauya, kamata ya yi ta dubi matsayin ɗalibi cikin tsaransa da suka rubuta irin jarrabawarsa maimakon lambar bara, ta kira mutane fiye da yadda ta saba zuwa tantancewa ta biyu, ta ƙara wa sakamakon kimiyya na WAEC da NECO nauyi a matsayin shaida ta biyu, sannan ta bayyana ƙa'idar tun kafin a sayar da fom. Gurabe ba za su ƙaru ba, wasu masu ƙoƙari za su rasa ko ta yaya.

Ita ma shaidar ta biyun tana kan hanyar sauyawa. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta. Ranar da hakan ya tabbata a makarantun Kebbi, duka takardun da yarinyar nan za ta gabatar wa kwamitin ɗaukar ɗalibai ta madannai ɗaya za su biyo, kuma minti biyar ɗin nan sau biyu za a cire mata su.