Aikin da Ido Ba Ya Gani

Akwai aikin da mai shi yake iya dubawa kafin ya biya lada. In tela ya ɗinka riga, mai riga zai sa ta, ya ɗaga hannu, ya ji ko ta matse shi a hammata. In magini ya ta da bango, ko yaro yana iya tsayawa daga nesa ya ce ya karkace. Amma akwai wani irin aiki wanda mai biya ba shi da hanyar dubawa, sai dai ya karɓi maganar wanda ya yi. Irin wannan aiki yana ta ƙaruwa, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ya ɓuya shi ne inda ba wanda zai yi zato, wato gilashin gaban mota.

Gilashin gaba ba kamar gilashin taga na ɗaki yake ba. Falle biyu ne aka haɗa, da wata roba mai ƙwari a tsakaninsu wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Edouard Benedictus, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Amfaninta shi ne, in dutse ya buge shi, gilashin ya tsage amma ba ya tarwatse a fuskar direba. A motocin dā, zoben roba ne yake riƙe gilashin. A na yanzu kuwa, da gam mai ƙarfi ake manna shi a jikin mota, har ya zama yana taimakon rufin mota in ta kife. A motoci da yawa, jakar iskar nan da ke buɗewa a gaban fasinja lokacin haɗari, da gilashin take jingina kafin ta tare mutum. Saboda haka tun kafin a zo maganar kyamara, mai sa gilashi yana riƙe da amanar da ba a gani. In bai goge bakin ƙarfen sosai ba, ko ya sa gam da ya tsufa, ko ya bar mota ta tafi kafin gam ya kama, ba wanda zai sani sai ranar da mota ta wuntsula.

To, sai aka ƙara wani abu. A manyan motoci irin su Mercedes da BMW da Lexus, yanzu ma har da ƙanana, in mutum ya duba bayan madubin da ke tsakiyar gilashi zai ga wani ɗan akwati. A cikinsa akwai kyamara, wani lokaci ma guda biyu, tana leƙen hanya ta cikin gilashin. Ita ce take ganin farin layin da aka ja a kan kwalta, ta ga motar da ke gaba, ta ga mutum yana ƙetare hanya, ta karanta allon da ke faɗin iyakar gudu. Abin da ta gani tana miƙa wa kwamfutar mota, ita kuwa kwamfuta tana iya yin ƙara ta farkar da direba, ko ta ɗan juya sitiyari, ko ta taka birki da kanta. A 2008 kamfanin Volvo ya fito da motar XC60 wadda take taka birki da kanta a cikin gari in ta ga za ta bugi ta gaba, a shekarar nan kuma Subaru ya fara sayar da tasa dabarar mai kyamara biyu, EyeSight, a Japan. Abin ya fara kamar adon masu kuɗi, amma bai tsaya nan ba. Tun daga Yuli 2024, doka a Tarayyar Turai ta ce duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar sai tana da birkin gaggawa mai taka kansa da kuma na'urar hana fita daga layi.

Ba a yi wannan doka a banza ba. Wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta bincika a 2017 ta tarar cewa motocin da ke da gargaɗi da birki mai taka kansa sun rage bugun motar gaba da kusan rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa a bakin asibiti yana jiran labari.

Amma idon nan na mota yana da sharaɗi. An kafa shi ne a masana'anta ya dubi hanya daidai da yadda ƙafafun mota suke tafiya. In aka cire tsohon gilashi aka sa sabo, an raba kyamarar da mazauninta, kuma sabon mazaunin ba zai taɓa zama daidai da tsohon ba har iyaka. Wani lokaci ma gilashin kansa, in na araha ne, lanƙwasarsa ta bambanta, sai ya karkatar da haske kamar tabarau da aka yi wa wani. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Karkatar digiri 1 tak, wadda hannu ba ya ji, ido ba ya gani, in aka kai mita 100 ta zama kuskuren mita 1.75, wato wajen rabin faɗin layin da mota take bi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye mita 28 a kowace daƙiƙa. Ashe mita 100 ɗin nan ba ta kai tafiyar daƙiƙa 4 ba. A cikin wannan ɗan lokaci ne kwamfuta za ta yanke ko abin da ke can gaba a kan hanyarta yake ko a gefe.

Don haka masu ƙera motoci suke cewa bayan an canja gilashi a sake saita kyamarar. Hanya biyu ce. Wani lokaci a garaji ake yi: a sa mota a daɓe mai lebur, a duba iskar tayoyi, a auna da awo, a kafa wani allo mai zane-zane a gabanta a nisan da aka ƙayyade, a haɗa kwamfuta, kyamara ta dubi allon ta gane inda gaba yake. Wani lokaci kuma sai an fita da motar an yi tafiya a hanya mai layi da ake gani sarai, har ta koyi mazauninta. Wasu motoci sai an yi musu duka biyun. In kyamarar ta ɓaci ƙwarai, yawanci fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba. Wahalar tana ga ƙaramar karkata, domin a nan mota tana iya yin shiru, ta ci gaba da aiki kamar lafiyarta ƙalau. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kam, ido bai san kima ba.

An daɗe ana sauke motocin da aka riga aka hau a Turai da Amurka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, daga can su bazu zuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwa. Yanzu da yawa daga cikinsu suna zuwa da idon nan a goshi. Duwatsun hanya kuwa ba su san mota mai tsada ba.

A ɗauki misali. Wani attajiri ya dawo daga tafiya, babbar mota ta watso tsakuwa, gilashin motarsa ya tsage daga sama har ƙasa. Ya kai wa mai sa gilashi, dattijo wanda ya shekara da shekaru a sana'ar, ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Dattijon ya san hannunsa. Zai cire tsoho, ya sa sabo, ruwan sama ba zai shiga ba, iska ba za ta yi fito ba. Ya kuma san akwai maganar saiti, domin ya ji ta wurin 'yan'uwan sana'a, amma ba shi da allon, ba shi da kwamfutar, daɓen garajinsa ma ƙasa ce. Abin tambaya shi ne, mene ne ke wuyansa?

Wani zai ce ba kome. An kawo masa gilashi, ya sa gilashi, bai ce da kowa ya saita kyamara ba, saboda haka bai yi ƙarya ba. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mai mota bai zo sayen falle na gilashi ba, ya zo ne a mayar masa da motarsa yadda take kafin dutse ya same ta. In ya karɓi makulli ya ga gilashi yana walƙiya, a ransa an gama. Dattijon ya san ba a gama ba, ya kuma san mai motar bai sani ba. Shirun da aka yi domin a bar mutum cikin zaton da zai cuce shi, ɗan'uwan ƙarya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, kuma askin nan bai ƙare a inda hannun wanzami ya gaji ba.

Wani kuma zai ce, ai a hanyoyin nan ina layin da kyamara za ta gani? Kwalta ta cinye, fenti ya goge, lokacin hunturu ƙura ta rufe kome, da yawa daga cikin direbobi ma ba su san motarsu tana da wannan abu ba. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a raina ta ba. Dabarar da aka shirya domin hanyoyin Jamus ba lalle ta yi aiki sosai tsakanin Dogonduci da Birnin Ƙonni ba. Sai dai birkin gaggawa ba ya jiran layi. In kyamara ta ɗauki abin da ke gefen hanya ta zaci a tsakiya yake, mota tana iya taka birki ba dalili, ga babur a bayanta. In kuma ta ɗauki abin da ke tsakiya ta zaci a gefe yake, za ta iya makara a daidai lokacin da aka dogara gare ta. Makahon da ya san ba shi da ɗan jagora yana tafiya a hankali, yana lalube da sanda. Wanda yake zaton ɗan jagoransa yana gani, shi ne yake sakin jiki ya yi sauri.

A nan ne maganar ta wuce cinikin mutum biyu. Lokacin da ake ciniki a garaji, akwai waɗanda ba a kira ba, amma da su ake yi: yarinya mai talla a bakin hanya, mai amalanke, ɗan makaranta da zai ƙetare da gudu. Su ba su ga gilashi ba, ba su ji farashi ba, ba a rage musu ko dala ba. Shi attajirin yana cikin ƙarfe da jakar iska. In aka yi kuskure, ba shi ne zai fara biya ba.

Amma zai zama rashin adalci a ɗora wa dattijon kaya duka. Mai mota yana da nasa rabon, kuma sau da yawa shi ne babba. Mutum zai sayi motar miliyoyi, ya sa mata labule da turare, amma in aka ce masa ga gilashi iri biyu, kuma akwai wani aiki a bayansa da sai an je babban birni an biya kuɗi dabam, sai ya haɗe fuska ya ce ana so a cuce shi. Abin da ake gani yana biya da murna, abin da ba a gani yana cewa wayo ne. Irin wannan mai mota shi ne yake koya wa masu sana'a yin shiru. Masu ƙera motar su ma suna da nasu. Kowane kamfani da irin allonsa da irin kwamfutarsa, kayan suna da tsada, mota kuwa tana tsufa a ƙasashen da ba su ne aka yi ta dominsu ba. An taɓa yin abin da ya fi haka. A 1959 wani injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel ɗin nan da ke ratsa ƙirji da ƙugu, kamfanin kuwa ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da dabarar, domin ta ceton rai ce.

Duk da haka, ranar da mota ta shigo garaji, ba kamfani ne ke tsaye a gabanta ba, dattijon ne. Ba a ce lalle ya mallaki kwamfuta ba, domin ba a tambayar mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Amma bakinsa yana hannunsa. Yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, gilashi zan sa maka shi da kyau, wannan aikina ne. Amma idon nan da ke bayan madubi, in na taɓa shi sai an sake saita shi, ni kuwa ba ni da kayan. Kafin a yi, kada ka dogara da shi, ka tuƙa kamar babu shi. Ga inda ake yi." Ya kuma rubuta haka a takardar biya, domin gobe direba ne zai hau motar, ko ɗa, ko wanda aka sayar wa. Yaran garaji suna tsaye suna ji, kuma abin da suka ji maigida ya faɗa ko ya haɗiye, shi za su tafi da shi ranar da aka yaye su.

Ba lalle ne attajirin ya gode ba. Yana iya cewa, "Malam, kai dai ka ce ba ka iya ba," ya ja motarsa zuwa garajin da ke gaba, inda za a sa masa gilashi kafin la'asar ba tare da an ce masa uffan ba. Dattijon ya rasa aikin yini, watakila ma ya rasa mai kawo masa aiki na shekaru, kuma da yamma cefane yana jiransa a gida.