LAYA, ƘWAYA DA LANTARKI: TA WACE HANYA MUSULMI ZAI NEMI ƘARFI?

 

Ya kai saurayi Musulmi, ka sani Musulunci bai hana ka neman ƙarfin jiki ba. Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tsere da Nana A'isha (RA). Abin tambaya shi ne: ta wace hanya kake nemansa?

A shekarar 2016 wani kamfani a Amurka ya fito da wata na'ura mai suna Halo Sport, kamar abin sauraren rediyo da ake maƙalawa a kai. Tana tura wutar lantarki 'yar kaɗan, kimanin kashi 2 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, ta ratsa fatar kai zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa gaɓoɓi, kamar minti 20, ba tsaga, ba allura. Wai ɗan wasa ya fi saurin koyo, ya fi jure gajiya. Masu bincike sun saɓa: wasu sun ga ƙaruwa kaɗan, wasu ba su ga bambanci ba tsakaninta da na'urar da ba a sakar mata wuta ba.

Kada ka ce wannan zancen Turai ne. A filayen ƙwallo da dandalin dambe da kokawa na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, gajeriyar hanya ta daɗe da zuwa. Wani laya ce a damtse, wani Tramadol ne a aljihu. To hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, laya. Wanda ya rataya zuciyarsa ga abin da boka ya ɗinke masa, yana ganin shi zai kayar masa da abokin karawa, ya taɓa tauhidi. Wannan shi ne mafi muni, ko da kuwa jikinsa bai cutu ba.

Na biyu, ƙwaya. Tana gusar da hankali, tana jawo farfaɗiya, tana mayar da mai sha bawanta. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, sai a Janairun 2024 ta haramta Tramadol a lokacin gasa. Shari'a kuwa ta riga ta hana duk mai sa maye da mai cutarwa, sai fa abin da likita ya rubuta don lalura.

Na uku, na'ura. A nan sai a yi adalci. Kada ka yi gaggawar cewa bidi'a ce, domin bidi'a ƙirƙira ce a cikin addini, ita kuwa wannan abin duniya ce, asalinsa halacci. Amma ka auna ta da abu uku. Tana cutarwa? An san tana iya ƙona fata, kuma ƙwaƙwalwarka amana ce, ba gonar gwaji ba. Akwai ɓoye-ɓoye? Ka tuna mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi (SAW) ya kira aikinsa algus. In ka shiga fili da abin da abokin karawarka bai sani ba, alhali kun yi sharaɗin ƙarfi da ƙarfi, to ka ha'ince shi, ko alƙalin wasa bai gani ba. Sannan, dukiyar da za ka zuba a abin da amfaninsa bai tabbata ba, me za ka ce a kanta ranar hisabi?

Za ka ce: ai shayi ma yana wartsakar da mutum. Gaskiya ne, amma shayi kowa ya san shi, kowa na iya sha, ba mai ɓoye shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka motsa jiki, ka ci halal, ka yi barci da wuri, ka tashi Asuba. In ka yi nasara ka gode wa Allah, in an kayar da kai ka miƙe da mutuncinka. Kofin da aka ci da ha'inci, shaida ne a kan mai shi.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta.