Waƙafin littattafan likitanci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, malamai sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, kamar yadda Imamu Gazali ya bayyana: idan gari ya rasa mai yinsa, laifi ya hau kan kowa. Shi kuwa wannan ilimi ba ya tsayuwa sai da littattafai.

Magabatanmu sun gane haka. Sarki Ƙalawun ya gina babbar asibiti a Alƙahira a shekara ta 1284. Ibnu Nafis, shugaban likitocin Masar kuma masanin fiƙihun Shafi'iyya, ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga wannan asibiti kafin rasuwarsa a 1288. Shi ne ya bayyana cewa jini yana fita daga sashen dama na zuciya, ya ratsa huhu, sannan ya komo sashen hagu. An manta da wannan bayani ƙarni bayan ƙarni, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Tatawi, ya tarar da rubutun a ɗakin ajiyar littattafai na birnin Balin, ƙasar Jamus. Da ba a adana takardar ba, da haƙƙin bawan Allah ya salwanta.

To, mu fa? Ku dubi masassarar cizon sauro. Shekaru da dama nibakin muke sha. Daga baya ƙwayar cutar ta daina jin sa, har hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawara a 2001 a koma ga haɗin magunguna masu sinadarin artemisinin. Majo da ke ƙauye, in tsohon littafin lakwal kaɗai gare shi, da kyakkyawar niyya zai ba yaro maganin da ba ya aiki. Wa za a tambaya ranar gobe ƙiyama? Shi kaɗai, ko har da mu da muka bar shi haka?

Alhazanmu na Maraɗi da Damagaram ba su da rowa, Allah ya saka musu. Amma sau da yawa masallaci ake ginawa kusa da masallaci, alhali ɗaliban likitanci a Yamai suna karɓa-karɓar littafi guda. Ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari, kuma littafin da ungozoma ta duba ta ceci mai naƙuda yana cikinsa.

Wanda ya yi niyya, kada ya sayo abin da ya ga dama. Ya fara zuwa wurin shugaban likitar garinsu ya tambayi abin da suke buƙata: sabon bugu, cikin Faransanci da suka yi karatu da shi, da kabad mai makulli saboda gara da ƙura, ko kuwa kwamfuta da kuɗin intanet na shekara. A rubuta waƙafin gaban shaidu, a naɗa mai kula da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.