Maganin da Ke Ceton Rai, Yake Kuma Iya Cutarwa

Akwai tambayar da takan taso a bakin gadon asibiti, mu kuwa masu ziyarar marasa lafiya mukan rasa abin faɗa: ko ya halatta likita ya ba mutum magani alhali ya san yana iya cutar da shi? Bari mu ɗauki magani guda mu duba, gama tambaya irin wannan sai da misali.

Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, likitoci sukan buɗe ta su sa ɗan bututun raga a ciki, sa'an nan su ba da maganin da jama'a ke kira mai tsinka jini. A gaskiya ba tsinka shi yake yi ba, hana ƙananan ƙwayoyin jini manne wa juna yake yi. Ɗaya daga cikin irinsa shi ne ticagrelor, wanda aka yarda da shi a Turai a 2010, a Amurka kuma a 2011. A babban gwajin da aka kira PLATO, wanda aka buga sakamakonsa a 2009, an bi mutum 18,624. Cikin masu shansa kashi 4.5 bisa 100 suka rasu a shekara guda, cikin masu shan tsohon maganin, clopidogrel, kashi 5.9. Wannan bambanci rayukan iyaye ne da suka koma gida.

Amma maganin yana da wata fuska. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, kuma saƙon lantarki ne ke sauka daga na sama zuwa na ƙasa, ya sa su buga sau 60 zuwa 100 a minti. Ticagrelor yakan sa wani sinadari mai suna adenosine ya taru a jini, shi kuwa yana rage saurin saƙon. A wasu mutane ƙalilan an ga saƙon ya yanke ɗungum, ɗakunan ƙasa suka koma bugawa da kansu, wani lokaci ƙasa da sau 40 a minti. Mutum sai ya ji jiri da kasala, ya faɗi ya suma, har rai na iya salwanta. Waɗanda dama bugun zuciyarsu ke da nawa sun fi kusa da wannan haɗari, kuma irinsu ba a sa su cikin gwajin PLATO ba.

To, likitan da ya rubuta shi ya yi zunubi? Ikkilisiya ta daɗe da tunani a kan aiki ɗaya mai sakamako biyu. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa aiki ɗaya na iya haifar da abu biyu, ɗaya an nufa, ɗayan ba a nufa ba. Malaman da suka biyo bayansa suka fayyace sharuɗɗan: aikin kansa kada ya zama mugu, nufin ya zama alheri, kada alherin ya biyo ta hanyar cutar, kuma amfanin ya isa a ɗauki kasadar dominsa. Da wannan ma'auni Paparoma Pius na 12 ya halatta maganin kashe zafi ga mai jinyar ajali a 1957, ko da zai gajarta kwanansa. Bisa ga wannan, likitan bai yi laifi ba.

Sai dai a ganinmu sharaɗi na ƙarshe shi ne mai nauyi, shi ne kuma aka fi wasa da shi. Ba a auna amfani da haɗari sau ɗaya a rufe littafi. Likitan da bai duba gwajin ECG ba kafin ya rubuta, bai tambayi sauran magungunan da mutum ke sha masu rage bugun zuciya ba, bai kuma gaya masa alamun da zai lura da su ba, ba zai fake da kyakkyawan nufi ba. Mara lafiya mutum ne mai hankali da 'yanci, kasadar kuwa a jikinsa take, saboda haka hakkinsa ne ya sani.

Mu ma muna da namu laifin. Sau nawa dattijo yakan ɓoye jirin da yake ji don kada ya ɗora wa 'ya'yansa kuɗin asibiti? Sau nawa dangi, da jin cewa magani yana da illa, sukan ce wa mara lafiya ya ajiye shi ya dogara ga Allah? Wannan shawara tana iya kisa, gama idan aka daina maganin farat ɗaya, jini na iya daskarewa a cikin bututun nan ya sake toshe jijiyar. Wanda ya suma ko bugun zuciyarsa ya yi nawa, a kai shi asibiti a ranar, tare da kwalin maganin. Sau da yawa likita yakan canza masa wani, bugun ya daidaita. Wani kuwa sai an dasa masa na'urar saita bugun zuciya.