Gaskiya da Manɗiƙi a Falsafar Husserl

Fenomenoloji, wato falsafar da ke nazarin yadda abubuwa ke bayyana ga hankali, ta kafu ne a hannun Edmund Husserl (1859–1938), masanin lissafi da ya koma falsafa bayan ya yi karatu a gaban masanin falsafa Franz Brentano. Ɗaya daga cikin matsalolin da ya tunkara ita ce asalin dokokin manɗiƙi.

A ƙarshen ƙarni na 19, masana da dama a Jamus sun ɗauka cewa dokokin nan bayani ne kawai na yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke aiki. Husserl ya ƙaryata wannan a juzu'in farko na littafinsa kan binciken manɗiƙi, wanda ya fito a 1900. A cewarsa, abin da aka gano ta lura da gwaji yana iya sauyawa, amma ƙa'idar cewa magana da kishiyarta ba sa zama gaskiya tare ba ta jiran gwaji. Ya raba aikin tunani, wanda ke faruwa a zuciyar wani a wani lokaci, da abin da aka yi tunaninsa. Ko mutum dubu suka ce biyu da uku biyar ne, tunani ya zama dubu, gaskiyar kuwa ɗaya ce.

To in gaskiya ba ƙirƙirar hankali ba ce, ta yaya ake riskar ta? Juzu'i na biyu, na 1901, ya amsa cewa kowane tunani yana nufar wani abu, sai dai nufin kan kasance fanko. Wanda ya ce rufin gidan ja ne alhali bai gani ba, nufinsa fanko ne. Da zarar ya fita ya duba, abin da ya nufa ya haɗu da abin da ya bayyana, nufin ya cika. A wannan haɗuwa ake shaida gaskiya. Cikar kuwa hawa-hawa ce, domin ido ba ya ganin kowane ɓangare na abu lokaci guda, kuma gani na gaba na iya gyara na baya. A littafinsa na 1929, Husserl ya ƙara da cewa hatta manɗiƙi tsantsa, tushensa na komawa ga irin wannan gani.

Martin Heidegger, wanda ya gaji kujerar Husserl a jami'ar Freiburg, ya nuna a littafinsa na 1927 cewa kafin magana ta dace da abu, sai abin ya fara fitowa fili ga mutum cikin hulɗarsa da duniya. A wurinsa, wannan fitowa ita ce gaskiya ta asali, gaskiyar magana kuwa reshenta ce.